Yadda Ake Canza Wayoyin Jitar Lantarki, da Irin Wayar da Ta Dace da Ɗan Koyo

A tsakiyar daminar bara wani ɗalibi da ke zaune a Samaru ya kawo mini jitarsa a cikin buhun shinkafa, domin ba shi da jaka. Ya ce, "Yaya, ina ga dai hannuna bai karɓi abin nan ba. Wata huɗu ke nan ina fama, yatsuna sai zafi, sautin kuma ya ƙi zama." Na karɓa na zura yatsana ta ƙarƙashin waya ta biyu. Da na ɗago, ya yi ja kamar na shafi tsohon kwanon rufi. Tsatsa ta cinye wayoyin daga sama har ƙasa, ta ukun ma ƙulle ta aka yi a wajen kunne. Jitar ta gwanjo ce, a haka aka ba shi, shi kuma a zatonsa ba a canza waya sai ta tsinke. Na ce, "Ƙanena, hannunka lafiyarsa ƙalau. Zauna mu yi aiki."

Irinsa suna da yawa a Zariya, daga masu kiɗa a majami'un Wusasa da Sabon Gari har 'yan jami'a masu koyo a ɗaki. Yaro ya jingine jita yana ganin ba shi da baiwa, alhali wayar ce ta mutu. Abin yana ci mini rai, domin gyaran bai wuce na minti 40 ba a ranar farko, idan hannu ya saba kuwa minti 15 ya isa.

Mu daidaita sunaye tukuna. Makaɗan gurmi da garaya tsirkiya suke cewa, a bakin 'yan jita kuwa waya ce. Shida ne, kuma daga ƙasa ake ƙirga su: siririyar da ke kusa da cinyarka idan ka rungumi jita ita ce ta 1, mai kaurin da ke sama ita ce ta 6. Abin da kake murɗawa shi ne kunne, ɗan ƙarfen da waya ke naɗewa a jikinsa kuma turke. Farin abin nan mai tsaga shida da ke tsakanin kan jita da wuyanta zan kira shi ƙashi, ko da na roba ne. Inda wayoyi ke hawa a jikin jita kuwa gada ce.

Wace waya za ka saya

Jitar lantarki wayar da aka yi dominta take so. Fikof, wato abin da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin wayoyi, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririn jan ƙarfe. Ba sauti yake ji kamar makirufo ba, motsin ƙarfe yake ji. Ka sa wayar nailan, lasifika za ta yi gum. Ka sa wayoyin jitar da ba ta lantarki ba, masu ruwan tagulla, za su yi magana amma wasu da ƙarfi wasu a shaƙe, domin maganaɗisu ba ya kama tagullar da aka naɗa musu. In mai shago ya miƙo maka masu ruwan zinariya ya ce duk ɗaya ne, ka mayar masa cikin mutunci.

Sai maganar kauri, wadda ita ce ta fi ruɗa mai koyo. A jikin fakiti za ka ga lambobi biyu, kamar 9-42 ko 10-46. Ta farko kaurin waya ta 1 ce, ta biyu kaurin ta 6, kuma da kashi ɗaya cikin 1000 na inci ake aunawa. Fakitin 9-42 yawanci yana ɗauke da 9, 11, 16, 24, 32, 42. Na 10-46 kuma 10, 13, 17, 26, 36, 46. Ukun farko tsirara suke, ukun ƙarshe an naɗa musu wata waya a kai, shi ya sa suke da kaushi.

A ido bambancin 9 da 10 ba komai ba ne, amma yatsa ya san da shi. A kan jita irin Stratocaster, wato wani samfuri na kamfanin Fender, wayoyin 9-42 gaba ɗaya suna jan wuya da nauyin kusan kilo 38, na 10-46 kuwa kusan kilo 46. Wannan ƙarin a kan fatar yatsunka yake sauka. Don haka ni 9-42 nake sa wa duk wanda bai cika shekara da fara koyo ba. Suna da taushin dannawa, kuma in ka zo koyon tura waya sama don sautin ya yi kuka, ba za ta yi maka gardama ba. Aibinsu biyu ne: ta 1 tana da saurin tsinkewa, sannan mai nauyin hannu in ya danne da ƙarfi sautin kan ɗan haura. Wanda ya ga haka a hannunsa, ya koma 10-46.

Tsawon jita ma yana da ta cewa. Daga ƙashi zuwa gada, Stratocaster da 'yar uwarta Telecaster da masu kwaikwayonsu inci 25.5 ne, Les Paul ta kamfanin Gibson da danginta kuwa inci 24.75. Gajarta tana rage tauri, saboda haka 10 a kan Les Paul ba ta kai 10 a kan Stratocaster wahala ba. In irin Les Paul gare ka, 10-46 ba za ta cuce ka ba.

Za ka ji masu cewa sai waya mai kauri ake samun cikakken sauti. Kada wannan ya tsorata ka. Cikin manyan makaɗan jita na Amurka, Stevie Ray Vaughan ya yi suna da lamba 13, Billy Gibbons kuwa da 7 ko 8 yake kiɗa, kuma babu wanda ya taɓa cewa sautin ɗayansu ya rame. Wayar da za ta bar ka ka yi awa guda kana atisaye ba ka ajiye ba, ita ce taka.

Ta fuskar ƙarfe, nemi wanda aka yi wa rufin nikel, shi ne na kowa da kowa. Sitenles ya fi jure tsatsa amma yana da kaushi, kuma ya fi saurin cin firet, wato ƙarafan da ke jere a wuya. Akwai masu siririyar rigar roba irin na Elixir, sun fi tsada amma sun fi daɗewa. Wanda tafinsa ke yawan gumi, su ne suka fi masa sauƙi a lissafin shekara.

Yanzu jabu. Sunayen da za ka fi cin karo da su Ernie Ball da D'Addario ne. A Ernie Ball, Super Slinky mai fakiti ruwan hoda shi ne 9-42, Regular Slinky kuma 10-46. A D'Addario, EXL120 shi ne 9-42, EXL110 kuma 10-46. To waɗannan ɗin su aka fi kwaikwaya. Na taɓa sayen fakiti a wani shago a rabin kuɗin da na sani, na zo gida na buɗe na tarar da ɗigon tsatsa a sabuwar waya, ta 1 kuma ta warware daga gindinta tun kafin ta kai saiti. Araha ba ta ado. Ka duba rubutun fakitin ko ya dusashe, ka duba ledar ciki ko a liƙe take. D'Addario na gaske suna zuwa da wata lamba a jikin leda wadda ake iya tantancewa a shafin kamfanin. In kuɗinka bai kai ba, gara ka sayi ƙaramin suna na gaskiya da ka sayi babban suna na ƙarya. Fara da shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari, in ba a dace ba ka yi saƙo Kaduna ko Kano, ko a turo maka daga Legas ta tasha. Kuma duk lokacin da ka samu, ƙara da waya ta 1 guda ɗaya ko biyu a ware. An san Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, amma rashi ne ya sa. Kai da jitarka ke da firet masu kyau, kada ka gwada.

Aikin kansa

Tanadi filaya mai yanka, tsumma biyu masu tsabta, fensir, gwangwanin da za ka riƙa zuba guntaye, da manhajar saita jita a salularka. In kana da ɗan robar nan da ake sa wa kunne a riƙa juyawa da sauri, madalla, in babu yatsu sun wadatar. Zare igiyar lasifika daga jita kafin komai. Wayoyin suna haɗe da layin ƙasa na na'urar ta hanyar gada, kuma da irin haɗin wutar gidajenmu da janareta ba abin mamaki ba ne su ja ka. Shimfiɗa tabarma, kwantar da jitar a kai, tokare wuyanta da matashi. Ɗauki hoton kanta da na gadarta, domin idan ka rikice hoton ne zai tuna maka yadda abin yake.

Ɗaya bayan ɗaya za ka canza, ka fara da ta 6. Dalili shi ne a Les Paul wayoyin ne kaɗai ke riƙe da gada da sandar da ke bayanta, ka cire duka su zube, su karce fenti, tsayin gadar ma ya sauya. A jita mai sandar girgiza sauti kuwa, sifirin da ke bayanta suna ja ne daidai da jan wayoyi, in ka kwashe duka gadar ta koma ta kwanta. Bayan haka, sauran biyar ɗin da ke wurinsu su ne malamanka, kana kallonsu kana kwaikwaya.

Kaɗa wayar kana murɗa kunne. In sautin na sauka, hanya ce, ci gaba har ta yi laƙwas. Kada ka taɓa yanke waya tana a ɗaure, tana iya zabura ta same ka a ido. Da ta saki, warware ta daga turke, ko ka yanke ta a tsakiya don kada lanƙwasasshen bakin ya karce jiki wajen fita. A Stratocaster da yawancin Telecaster ta baya take fita. Wani lokaci 'yar ƙwayar da ke gindinta kan maƙale a rami, sai ka tura ta daga sama da guntun waya mai kauri. Naɗe tsohuwar kamar zobe ka jefa a gwangwani nan take.

Tun da wurin ya buɗe, goge ƙurar da ke ƙarƙashi da busasshen tsumma. Sannan goga bakin fensir a tsagar ƙashin da wayar za ta kwanta. Baƙin fensir yana sa ta zame ba ta maƙale ba, kuma maƙalewar nan ita ce ke sa ka ji wani ƙaramin "ƙis" kana saiti, sautin ya yi tsalle.

Ciro sabuwar ta 6 kaɗai, sauran su zauna a fakiti don kada su cakuɗe. A D'Addario launin ƙwaya ke nuna lamba, duba bayanin launukan a jikin fakiti. Zura bakin ta inda tsohuwar ta fito, ja har ka ji ƙwayar ta zauna daram. Ɗora ta a kan mazauninta na gada, kai ta tsagarta a ƙashi.

Nan ne aikin yake, a naɗi, kuma nan ne kusan kowa ke ɓata shi. Murɗa kunne har ramin turke ya kalli wuya sosai. Zura wayar ta ramin, ja ta miƙe. Yanzu sai ka bar mata rara, domin rarar ce za ta zama naɗi. Kama wayar da yatsa biyu a nisan santimita 4 zuwa 5 gaba da turken. A kan Stratocaster wannan ya yi daidai da tazarar turaka biyu, ba ka buƙatar ruler. Tura ta baya har yatsunka su taɓa turken, sai ka lanƙwasa bakin da ya rage sosai ya yi kusurwa. Wannan lanƙwasar ce ke hana ta zamewa.

Da hannun dama ka riƙe wayar, ɗan ali yana danne ta kusa da turke, sauran yatsun suna ɗage rarar sama don ta kasance a miƙe. Da hagu kake murɗa kunne. Ta wane gefen turke za ta bi? Ƙa'ida ɗaya ce, ko kunnuwanka shida a jere suke ko uku nan uku can: waya tana bi ta gefen turken da ke nesa da kunne, wato ta ciki. Dubi maƙwabciyarta ka tabbatar. Kana murɗawa kana lura kowane zagaye ya sauka a ƙarƙashin wanda ya gabace shi, su jeru kamar zaren da aka naɗa a kwarkwaro, babu mai hawa kan wani. Naɗin yana gangarowa ƙasa ne don wayar ta danne ƙashi da kyau. In ya haura sama, za ka ji tana zuza idan ka kaɗa ta a buɗe.

Masu kauri zagaye 2 zuwa 3 ya ishe su. Tsirara ukun suna da santsi, suna son 4 zuwa 5, don haka ka ba su rarar santimita 7 ko 8. Wasu suna ganin yawan naɗi shi ne ƙarfi, sai su tula wayar duka a turke ta yi dunƙule. Kowane zagaye na banza wuri ne da waya za ta riƙa saki a hankali, ka yi ta saiti ba ya zama. In ka ga naɗin ya hau kan juna, kada ka ce ai ya wuce. Sassauta ka gyara tun ba ka yanke baki ba. Yaron nan na Samaru sau uku ya sake ta 6, amma da ya zo ta 3 ban ƙara sa masa hannu ba.

Ba kowane turke ke da rami a gefe ba. Akwai na tsohon yayi mai tsaga a ka da rami a tsakiya. Shi sai ka auna rarar, ka yanke tukuna, ka cusa bakin cikin ramin har ƙasa, ka kwantar da ita ta tsagar, sannan ka naɗa. Akwai kuma mai kulle, wanda ke da dunƙulen murɗi a baya: ja wayar ta miƙe, ɗaure kullen, ba ya buƙatar rara. A kan irin Fender kuma kada ka manta ka shigar da ta 1 da ta 2 ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ke danne su.

In gadarka Floyd Rose ce, mai kulle a ƙashi da kuma a gada, a nan ana yanke ƙwayar ne a matse bakin waya da alanki, wato ɗan makullin ƙarfen nan mai siffar L. Ba gagara take ba, amma karon farko ka zauna kusa da wanda ya saba ka ga yadda yake yi.

Kai ta 6 kusa da sautinta, sannan ka wuce ta 5, haka har ta 1. Daga mai kauri zuwa siririya saitin shi ne E, A, D, G, B, E. Ga 'yan majami'a da suka saba da solfa, mi, la, re, so, ti, mi ke nan idan C ce do. Manhajoji da yawa suna ƙara lamba: E2, A2, D3, G3, B3, E4. Ka kula da lambar, domin mai koyo kan wuce E4 bai sani ba, ya ci gaba da neman wata E a sama har wayar ta ce tas. Idan kana ɗaure sirara, kawar da fuskarka gefe. Kuma kullum daga ƙasa ake hawa zuwa sauti. In ka zarce, sauko ƙasa da shi ka sake hawa.

Sabuwar waya sai an miƙar da ita. Sa yatsu ƙarƙashinta wajen firet na 12, ɗaga ta kamar santimita 2 a hankali, ka bi tsawonta kana yi. Kaɗa, za ka ji ta sauka. Sake saitawa, sake ja. Sau 3 ko 4 za ka ga ta daina sauka. Ta 1 da ta 2 da lallashi ake jansu. Wanda ya tsallake wannan shi ne ke hawa dandali ranar Lahadi ko wajen biki da sababbin wayoyi, kafin a gama waƙar farko jita ta koma wani gari.

Sai yanzu za ka yanke bakunan, ka bar kamar milimita 3. Ƙirga guntayen, shida ne, su shiga gwangwani duka. A gidajenmu yara ba takalmi suke yawo, kuma guntun ta 1 ya fi allura shiga ƙafa. Ɗaga tabarmar ka kakkaɓe.

Gwaji na ƙarshe: saita waya a buɗe, sannan danna ta a firet na 12. Harafi ɗaya ya kamata manhaja ta nuna, allurar a tsakiya. In ya haura, mazaunin wayar a gada yana son a ja shi baya da sukundireba, in ya gaza a matso da shi gaba. Idan kaurin da ka cire shi ka mayar, da wuya ka buƙaci wannan. Idan kuwa daga 9 ka koma 10, kana iya ganin gadar mai sifirin ta ɗago gindi, ko wayoyi sun yi nisa da wuya. Ƙusoshi biyun da ke riƙe da sifirin a baya ana ɗan ɗaure su gadar ta koma. Amma sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ake murɗawa da alanki, ka bar wa mai gyara har sai ka ga an yi a gabanka.

Damina da hunturu

Yanayin Zariya ta fuska biyu yake cin jita. Daga Yuni zuwa Satumba laima ce, waya kan yi tsatsa ko ba a taɓa ta ba, musamman a Agusta. Da bazara kuma gumi ne, gishirinsa ke kashe ta. Wanke hannu kafin ka ɗauki jita, balle in ka ci tsire ko ƙuli-ƙuli. In ka gama, zura tsumma ta ƙarƙashin kowace waya ka ja daga gada zuwa ƙashi, domin dattin a ƙasa yake taruwa. 'Yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa a kwalin sabon takalmi, jefa biyu a jakar jita.

Hunturu kuwa katako yake busarwa. Allon wuya mai duhu wanda ba a yi wa fenti ba yakan yi fari-fari, har ka ji bakin firet yana kartar hannu. Sau ɗaya a shekara, a farkon hunturu, cire wayoyin duka, ka ɗaure gadar Les Paul da salatif kada ta faɗi, ka ɗiga man da aka yi don allon jita a tsumma ka shafa, ka goge bayan minti biyar. Awa ɗaya ba waya ba ta cutar da wuya. Kada ka sa man gyaɗa ko manja, suna yin ɗoyi su kama ƙura. Allo mai haske da ke da sheƙi ba ya son mai ko kaɗan, tsumma mai ɗan laima ya ishe shi. Kuma kada ka bar jita a but ɗin mota ko jikin taga da rana.

Mai kiɗa kullum ya canza duk wata ɗaya zuwa biyu, mai taɓawa jefi-jefi duk wata uku ko huɗu. Ba sai ka jira lissafi ba in ka ga launi ya dushe, ko ka ji kaushi a ƙarƙashin yatsa, ko saiti ya ƙi zama. In ɗaya ta tsinke alhali sauran sun tsufa, canza duka, domin sabuwa ɗaya cikin tsofaffi biyar ƙararta fita take daban. In kuma kullum a wuri ɗaya take tsinkewa, a kan gada ko a bakin turke, akwai kaifi a wurin da ke son a goge shi da lallausan sanfefa. Fakitin da ka buɗe yau kada ka yar, rubuta kwanan wata a bayansa ka sa a aljihun jaka tare da wayar ta 1 ta ajiya, ranar sayen wani ka tafi da shi shago ka nuna lambar.